Tauraron azurfa a bishiyar Kirsimeti da liyarin kakata

A makon ƙarshe na watan Disamba, lokacin da hazon hunturu yake lulluɓe dutsen Kufena har ba a ganin kansa sai hantsi ya dubi ludayi, nakan je Wusasa in gaishe da wani tsohon abokina wanda muka yi sakandare tare, muka kuma yi aikin koyarwa tare shekara da shekaru kafin kowannenmu ya ajiye alli. Shi Kirista ne, Bahaushe gaba da baya, kuma iyayensa ma a nan Wusasa suka tashi, wato garin da mishan ta koma bayan ta bar cikin birnin Zariya a ƙarshen shekarun 1920, inda har yau majami'ar St. Bartholomew take tsaye da gininta na ƙasa irin na maginan Zazzau. Ni Musulmi ne, ba na bikin Kirsimeti, amma shinkafar gidansu ba ta taɓa fashin zuwa gidana ba, kamar yadda naman layyata bai taɓa fashin zuwa nasu ba.

A ziyarar da na kai ta bara, na tarar da bishiyarsu a kusurwar falo kamar kullum, bishiyar roba ce da aka saya a kasuwar Sabon Gari tun 'ya'yansa suna ƙanana, an rataya mata ƙwallaye masu sheƙi da ƙananan ƙwayayen lantarki. Sai dai a wani reshe na sama akwai wani abu da ban saba gani ba, mai siffar tauraro, a cikin kwanson roba garai-garai, wanda haskensa ya bambanta da na sauran kayan adon. Da ya ga idona ya tsaya a kansa, sai ya miƙe ya ciro shi ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Malam, ji nauyinsa tukuna, sannan ka gaya mini ko mene ne." Nauyin ya ba ni mamaki, domin ya fi ƙarfin girmansa. Na juya shi na ga hoton marigayiya Sarauniyar Ingila da rubutun dala ɗaya, sai na gane cewa kuɗi ne. 'Yarsa da take aikin jinya a Ostiraliya ce ta aiko masa da shi.

Gidan buga kuɗi na birnin Perth, wanda aka buɗe tun 1899, shi ne ya buga wannan kwandala. Nauyinta oza ɗaya ne na awon da ake yi wa zinariya da azurfa, wato giram 31.1, kuma azurfarta tatacciya ce, kashi 999 cikin 1000. A gabanta an zana hoton biki da launuka, an kuma yi wa kwansonta wurin zura zare, domin tun asali an yi ta ne don a rataya a bishiya. Dala ɗayan da aka rubuta a jikinta shaida ce kawai cewa hukuma ta amince da ita a matsayin kuɗin ƙasa, amma babu mai hankalin da zai kai ta kanti ya sayi burodi, tun da azurfar da take jikinta kaɗai ta ninka wannan dala sau da yawa.

Ina riƙe da ita sai hankalina ya koma ɗakin kakata a cikin birni, kusa da Rimin Tsiwa. A ƙarƙashin gadonta akwai wata 'yar adaka, a cikin adakar akwai ƙullin tsumma, a cikin ƙullin kuma akwai liyari guda huɗu waɗanda ta gada daga mahaifiyarta. Liyari shi ne sunan da mutanen dauri suke kiran kuɗin azurfar nan na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Maria Theresa, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta hanyar hamada zuwa Borno da Kano da sauran ƙasar Hausa. Wannan sarauniya ta rasu a 1780, kuma abin sha'awa shi ne duk wanda aka buga bayan rasuwarta, ko a Biyana ko a Landan ko a Rum ko a Bombay, shekarar 1780 ɗin aka ci gaba da rubuta masa, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da na Afirka sun saba da kamanninsa, ba sa yarda da wanda aka sauya wa ko da ɗigo. Nauyin kowane ɗaya giram 28 ne da 'yan kai, kuma kashi 833 cikin 1000 na jikinsa azurfa ce. Kakata ba ta san waɗannan alƙaluma ba, amma ta san cewa idan shekara ta yi tsanani za ta iya kai ɗaya wurin maƙerin farfaru ya auna ya ba ta kuɗin hatsi, kuma ta taɓa yin hakan sau ɗaya, shi ya sa huɗu suka rage daga biyar. Kalmar dala ma da muke faɗa kullum daga irin wannan kuɗi ta samo tushe, domin sunan wani kwari ne na ƙasar Bohemiya mai suna Joachimsthal, inda aka fara buga manyan kwandalolin azurfa a farkon ƙarni na 16, aka gajarta ya zama tala, bakin wasu al'ummu ya mai da shi dala.

Har a cikin kuɗin da Turawan mulkin mallaka suka kawo mana da farko akwai na azurfa. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, a shekarar da ta biyo baya kuma aka fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sulen wancan zamani zai tuna cewa bishiyar kwakwa ce aka zana a bayansa. Kwabo da ɗari da anini su ne masu huda a tsakiya da tauraro mai kusurwa shida, waɗanda tsofaffi suke zura wa zare. Daga 1920 aka daina sa azurfa a kuɗinmu aka koma jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. A Ingila kanta an rage azurfar kuɗinsu zuwa rabi a wannan shekarar, sannan daga 1947 aka cire ta ɗungurungum. Abin da ya faru ke nan a kusan ko'ina cikin duniya, azurfa ta fita daga aljihun talaka, kuma da ta dawo sai ta dawo a cikin akwatin kyauta mai shimfiɗar karan-miski, da takardar shaida a gefenta.

Ita kuwa bishiyar da aka rataya tauraron a jikinta, tarihinta ya girmi na kwandalar nesa ba kusa ba, kuma daga ƙasashen da suke magana da harshen Jamusanci da maƙwabtansu ta taso. Biranen Tallin na Estoniya da Riga na Latbiya har yau suna jayayya kan wanda ya riga wani, na farko yana kafa hujja da shekarar 1441, na biyun da 1510, kuma dukansu suna danganta al'adar da wata ƙungiyar 'yan kasuwa samari da take kafa bishiya lokacin bikin. Akwai kuma wani rubutu na 1605 daga birnin Strasbourg, wanda yanzu yake cikin Faransa, da ya bayyana yadda mutane suke kafa bishiya a cikin ɗakunansu suna rataya mata furannin takarda da tuffa da alewa da ganyen ƙarfe mai ruwan zinariya. Tuffar tana da dalili, domin ranar 24 ga Disamba ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u ce a tsohuwar kalandar coci, kuma a wasannin da ake yi a ranar akan kafa bishiya mai 'ya'ya a matsayin itaciyar da aka hana su ci. Dalilin zaɓen irin itacen da suka zaɓa shi ne abin da ya fi taɓa ni. A tsakiyar sanyin Turai, lokacin da dare yake tsawo, ƙanƙara ta rufe gonaki, sauran itatuwa duk sun kaɗe sun zama ƙirare, akwai wasu itatuwa masu ganye kamar allura da suke zama kore shar. Mutumin da ya sare ɗaya ya shigo da shi ɗakinsa yana tuna wa kansa da iyalinsa ne cewa rai bai ƙare ba, kuma mu da muke ganin kuka da rimi sun tuɓe ganye a hunturu, darbejiya kuwa tana nan da inuwarta, ba ma buƙatar dogon bayani kafin mu fahimci wannan.

Azurfa ta hau wannan bishiya tun kafin a yi tunanin buga mata kwandala. Zaren ƙyalƙyalin nan da ake naɗa wa rassa, wanda yau ake yi da leda, ana danganta farkonsa da birnin Nuremberg a wajajen 1610, kuma a lokacin azurfa ce ta gaske ake bugawa har ta yi fele-fele sannan a yanyanka ta, domin ta riƙa mayar da hasken kyandir. Sai dai azurfa tana dusashewa ta yi baƙi, hayaƙin kyandir kuma yana gaggauta hakan, ga shi sai masu hali suke iya saye, don haka aka koma wasu ƙarafa masu araha, ciki har da dalma, wadda daga baya aka daina amfani da ita saboda illarta ga yara. Ƙwallayen gilashi kuma daga wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Lauscha suka yaɗu a tsakiyar ƙarni na 19, kuma sheƙin da suke yi ya samo asali ne daga ruwan azurfa da ake shafa musu ta ciki. Abin da ya fitar da al'adar daga Jamus zuwa duniyar masu jin Ingilishi shi ne wani zane da jaridar Illustrated London News ta buga a 1848, wanda ya nuna Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, shi kansa Bajamushe, da 'ya'yansu sun kewaye bishiya a fadar Windsor. Abin da sarki ya yi shi talakawa suke kwaikwayo, a can da nan duka. A 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya sa wa bishiyarsa ƙwayayen lantarki a New York, wanda sannu a hankali ya kawar da kyandir da gobarar da yake jawowa. Tun 1947 kuma birnin Oslo na ƙasar Nowe yake aika wa Landan ƙatuwar bishiya kowace shekara, don godiya kan taimakon da Birtaniya ta ba su a yaƙin duniya na biyu.

Haɗa kuɗi da wannan biki shi ma tsohon abu ne. A Ingila akan jefa sisin azurfa a cikin ƙullun wani kek mai nauyi da ake turarawa don ranar Kirsimeti, wanda duk ya tsinci sisin a rabonsa sai a ce shekararsa za ta yi albarka. Akwai kuma labarin waliyyinsu Nikolas, limamin cocin garin Myra da yake ƙasar Turkiyya ta yau, wanda aka ce ya riƙa jefa ƙullin zinariya da dare a gidan wani matalauci don 'ya'yansa mata uku su sami abin yin aure. Da abokina yake ba ni wannan labari, sai na ce masa ai mu ma mun san daɗin sabon kuɗi a hannun yaro, domin babu wanda ya tashi a Zariya da zai manta da yawon barka da Sallah, da yadda muke zama a zaure da yamma muna ƙirga kwabban da muka samu, muna ware masu sheƙi gefe guda don ba ma son rabuwa da su.

Gidajen buga kuɗi sun lura da wannan son da ɗan Adam yake yi wa sabuwar kwandala, suka mai da shi kasuwa. Tsibirin Man, wanda yake tsakanin Ingila da Ayalan, ya fara fitar da kwandalar Kirsimeti ta fenni 50 a 1980, ya riƙa sauya zanenta shekara-shekara, Jibiralta ta bi sahu daga 1988. Gidan buga kuɗin Birtaniya ya fitar da ta fam biyar mai hoton bishiyar Kirsimeti a 2017. Na Kanada ya shahara wajen ƙawata nasa da launi da duwatsun gilashi masu walƙiya. Akwai ma ƙananan ƙasashe irin su tsibirin Niue da suke ba kamfanoni izinin buga kwandaloli da sunansu, alhali yawancin kwandalolin ba za su taɓa sauka a tsibirin ba. Wadda ta fi burge ni a cikinsu duka ba ta azurfa ba ce ma, ita ce ta lats ɗaya da Latbiya ta fitar a 2009 da hoton bishiya, gab da cikar shekara 500 da bishiyar Riga, domin ita an sake ta ne ta shiga kasuwa, mai sayar da burodi da direban bas duk sun taɓa ta, kafin ƙasar ta koma kuɗin yuro a 2014.

A nan ne nake da magana, kuma na faɗa wa abokina ita a gaban idonsa, domin na ji ya fara cewa zai sa 'yar tasa ta riƙa sayo masa irinta da yawa ya ajiye saboda halin da naira take ciki. Wanda ya sayi kwandalar biki kuɗin abu biyu yake biya. Na farko kuɗin azurfar ne, wanda kasuwar duniya take yanke wa farashi kullum, kuma ma'auni ba ya ƙarya a kansa. Na biyu kuɗin zane ne da launi da kwanso da akwati da takardar da ta ce guda kaza kaɗai aka buga, kuma wannan kashi na biyu yakan kai na farko ko ya wuce shi. Matsalar ita ce kashi na biyun ba ya dawowa sai an sami wani mai sha'awar tara kwandaloli da yake neman ta wannan shekarar takamaimai, irin waɗannan mutane kuwa suna da kasuwanninsu da mujallunsu a Turai da Amurka, ba a Tudun Wada ko Samaru ba. Ranar da buƙata ta taso a nan, maƙeri ne zai ɗora ta a ma'auni, kuma shi launin da aka biya kuɗi mai yawa dominsa datti ne a wurinsa da wuta za ta cinye. Saboda haka wanda yake son adana dukiya a azurfa, gara ya nemi wadda ake sayarwa kusa da farashin nauyinta, kamar yadda iyayenmu mata suka yi da liyari da mundaye. Amma a matsayin kyauta, ban ga laifinta ba ko kaɗan, ina ma ganin ta fi kyaututtuka da yawa, domin atamfa tana koɗewa, wayar hannu tana mutuwa, ita kuwa wannan tana ɗauke da shekarar da aka ba da ita a rubuce a jikinta, kuma jikan jika zai iya karantawa.

Matar abokina, wadda nake kira Yaya tun ranar da aka kawo ta gidan, ta ce ita damuwarta ƙurar hunturu ce, kuma idan tauraron ya dusashe za ta fito da shi ta goge da toka da lemon tsami kamar yadda take yi wa awarwaronta. Na roƙe ta da kada ta yi. Abin da yake sa azurfa baƙi shi ne haɗuwarta da sinadarin farar wuta da yake cikin iska da zufa da hayaƙi, kwanson nan kuma an yi shi ne don ya raba ta da su. Fuskar irin wannan kwandala an buga ta ne da hatimi gogagge har ta zama kamar madubi, toka kuwa za ta kakkarce ta da ƙananan layuka da ba sa gyaruwa, kuma a wurin masu tara kwandaloli wadda aka goge ta faɗi daraja fiye da wadda ta yi duhu da kanta. Ko taɓa fuskarta da yatsa ba a so, sai dai a riƙe ta ta gefe. Ga wanda kuma aka kawo wa irinta a ce ya saya, musamman ta intanet inda jabu ya yi yawa, ya fara da ma'auni mai nuna giram, ya kuma kusanta ta da maganaɗisu, domin azurfa ba ta mannewa da shi, ko da yake rashin mannewar kaɗai bai isa hujja ba tun da tagulla ma ba ta mannewa. Ga ɗan'uwana Musulmi da yake tara azurfa kowace iri, akwai hakkin zakka da bai kamata ya manta ba. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malamai suke ƙiyastawa da kimanin giram 595, wato kwandala 20 masu oza ɗaya sun haura shi, kuma idan shekara ta zagayo a kansu za a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari.

Abokina ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi a yarintarsa babu bishiyar roba a Wusasa. Rassan itatuwa suke yankowa su da sauran yara, su jera a bakin majami'a da cikinta, su yanyanka takardu masu launi su liƙa da ƙullun rogo, kuma a ganinsa wancan adon ya fi na yanzu shiga rai saboda hannunsu ne ya yi shi. Na yarda da shi, domin haka nake ji game da jeren kwanukan ɗakin amarya na da, wanda gwaggwanni suke kwana suna shiryawa, idan aka kwatanta da kayan da ake saukewa daga mota a shirye.

Bayan kwana biyu na koma Wusasa da liyari ɗaya da ya zo hannuna a rabon kayan kakata, na ajiye shi a kan tebur kusa da tauraron. Liyarin ya yi duhu, fuskar sarauniyar ta side saboda yawan hannayen da suka taɓa ta, kuma a samansa akwai ɗan kunne da wani maƙeri ya liƙa masa tun kafin a haife ni. Jikar abokina, yarinya 'yar shekara bakwai, ta ɗauke shi ta jujjuya, ta sa ɗan yatsanta a kunnen, sannan ta ce, "Baba, ita ma kakarka a bishiya take rataya nata?" Na ce mata a'a, a wuyanta take rataya shi da baƙin zare ranar Sallah, idan za ta fita ƙofar fada kallon hawa. Yarinyar ta roƙi kakarta zare, aka zura mata, ta sa a wuyanta ta yini da shi tana nuna wa duk wanda ya shigo gaisuwa, sai da aka kira magariba na karɓa na mai da shi cikin tsummansa na kama hanyar birni.